Wuta Ta Yanka, Saura Hannu

A wata rumfar walda da ke kusa da Panteka a Kaduna na fara ganin na'urar filasma tana aiki. Maigidan rumfar ya shimfiɗa falankin ƙarfe mai kaurin milimita 2 a kan tebur, ya zana dagi da alli, ya ɗauki bakin wutar ya bi zanen kamar mai rubutu a allo. Ban gama shan ruwan da yaronsa ya miƙo mini ba dagin ya faɗo ƙasa yana hayaƙi. Aikin da mahaifina zai yi kwana biyu a kansa da kurfi da masaba da magagari ke nan. Na sunkuya zan ɗauka, dattijon ya riƙe mini hannu ya ce, "Bari ya huce, ɗana. Kuma ko ya huce, bai zama kaya ba tukuna."

Ƙannena masu sha'awar wannan sana'a, maza da mata, na ga yadda kuke kallon bidiyon masu yankan ƙarfe a waya, tartsatsi na tashi, sunan mutum ko hoton bishiya na fitowa cikin minti uku. Wannan ɓangaren shi ake ɗauka a hoto domin shi ne mai ƙayatarwa. Awanni huɗu ko biyar da ke biyo baya, na gurza da wanki da gogewa da fenti, babu mai ɗaukarsu, alhali a cikinsu ne ake sanin ko abin da ka yanka zai hau bangon falo ko zai koma wajen 'yan gwangwan. A kan waɗannan awannin nake son mu yi magana, amma sai mun fara da ita kanta na'urar, domin rabin wahalar gamawa tun wajen yanka ake saye ta.

Ka san ƙanƙara idan ta ji zafi takan zama ruwa, ruwa ya zama tururi. To idan aka ci gaba da dafa iska da wutar lantarki har ƙwayoyinta suka tarwatse, sai ta koma wani hali na huɗu wanda lantarki ke iya ratsawa. Shi ne filasma, kuma irinsa kake gani idan walƙiya ta keta sararin sama da damina. Na'urar tana tura matsattsiyar iska ta wani ɗan tsukukun rami, ta kunna mata wuta, sai iskar ta fito da zafin da ya haura digiri 20,000, ninki uku da ɗoriya na zafin fuskar rana. Zafin ya narkar da ƙarfe, ƙarfin iskar ya hure narkakken ya yi ƙasa da shi. A Amurka aka ƙirƙiro dabarar a shekarun 1950, a kamfanin Union Carbide, kuma ta daɗe tana hannun manyan masana'antu kaɗai. Kamfanin Hypertherm, wanda aka kafa a 1968, yana cikin waɗanda suka kyautata ta. Amma abin da ya kawo ta rumfunanmu shi ne ƙananan na'urori 'yan Sin masu suna CUT-40 da CUT-60, waɗanda mutum ɗaya zai rataya a kafaɗa. Fifikonta a kan wutar gas ko kabaid da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita shi ne, waccan ƙona ƙarfe take yi, don haka baƙin ƙarfe kawai take yankawa da kyau. Ita kuwa filasma duk abin da lantarki ke bi tana ci: baƙin ƙarfe, da wanda ba ya tsatsa, da alminiyam, da tagulla.

Kafin ka kai kuɗinka kasuwa, ka sani ba na'ura ɗaya za ka saya ba. Sai da injin matsa iska, sai da matatar da ke raba iska da ruwa, sai kuma wutar da za ta ɗauki duka biyun. Ƙaramin janareta na kallon talabijin ba zai ɗauka ba, kuma wutar da ke hawa da sauka takan kashe kayan cikin na'urar. Iska kuwa ita ce ran aikin. Yawancin ƙananan na'urorin nan suna son matsin da ya kai ba 4 zuwa 5, kuma suna son busasshiyar iska. Da damina za ka buɗe ƙasan tankin injin iska ka ga ruwa mai tsatsa yana tsiyaya. Idan wannan ruwan ya bi tiyo ya isa bakin wuta, zai cinye maka ƙwayar ciki da hancinta cikin yini ɗaya, wutar ta riƙa tari, yankan ya fito a karkace. Ka zubar da ruwan tanki kowace safiya kafin ka ɗaura komai. Ƙwayar cikin nan tana da ɗan ɗigon wani ƙarfe a tsakiyarta da ake kira hafniyom. Idan ka ga wurin ya lotsa ya yi rami, ko ramin hancin ya tashi daga zagaye ya zama kamar ƙwai, ka canza su tare. Na ga samari suna lallaɓa tsohon hanci don tsimin 'yan kuɗi kaɗan, su ɓata falanki guda. Araha ba ta ado.

Zane shi ne wurin da na fi ganin sababbin hannu suna yin asara. Duk abin da ka kewaye da yanka zai faɗi. Ka rubuta sunan Ɗanladi a falanki ka bi layin haruffan yadda suke a takarda, cikin Ɗ zai zube, cikin a zai zube, cikin d zai zube, a bar ka da ramukan da ba su karantuwa. Dole ka bar wa kowane tsibiri gada, wato ɗan siririn ƙarfe da zai riƙe shi da uwar falankin, kuma gadar ta fi kaurin ƙarfen faɗi, domin wutar tana cin kusan milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a duk inda ta bi, zafi kuma yana narkar da siririn abu. Rubutun ajami da na Larabci sun fi buƙatar tunani, saboda cikin mim da wau da sad, ga kuma ɗige-ɗigen da idan ɗaya ya ɓata kalma ta sauya. Idan kuwa aya ce ko sunan Allah aka ba ka, ka tanadi tire mai tsabta a ƙarƙashin teburin domin haruffan da suka faɗo kada su gauraya da shara a tattake su. Wannan ban taɓa yin sakaci da shi ba, kuma ba na son ku yi.

Game da abin da za ka zana, ina da ra'ayi, kuma zan faɗe shi. Intanet cike take da zanen barewar ƙasashen sanyi da kan mikiya da itatuwan da ba su tsiro a ƙasarmu, kowa yana saukewa yana yankawa. Mu kuwa muna zaune a kan taska. Je ka tsaya gaban tsofaffin gidajen Zariya ko na cikin birnin Kano ka dubi zanen da magina suka yi a bango. Dubi aska takwas a wuyan babbar riga, da zanen ƙwarya, da na dukawa a jikin fata, da gicciyen Agadas da maƙeran Buzaye ke zubawa da azurfa. Waɗannan zane-zanen an gina su ne da layuka masu sarƙe da juna, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa, wato gadojin da nake faɗa maka sun zo a cikinsu tun asali. Dagi da kansa darasi ne: wanda ya iya fitar da inda zare ya hau da inda ya nutse, a falanki mai fuska ɗaya, ya iya zanen ƙarfe.

Wajen yankan, ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 zuwa 3 ya ishi yawancin kayan ado, kuma ba ya son wuta mai yawa. Amfiya 25 zuwa 30 ta wadatar. Ka maƙala wayar at a wuri mai tsabta a jikin ƙarfen, inda babu fenti ko tsatsa. Idan za ka huda tsakiya, ka ɗan kwantar da bakin wutar gefe domin narkakken ƙarfe ya fantsama nesa da hancin, sa'annan ka miƙe shi, kuma ka fara hudar a ɓangaren da za a yar, ka shigo layinka daga nan. Ramukan ciki su ne farko, kewayen waje shi ne ƙarshe. Kada ka tsaya a kusurwa ɗaya ka gama da ita. Ka yanka nan, ka tsallaka can, ka bar wuri ya sha iska, in ba haka ba falankin zai bankare kamar busasshen ƙirgi. Akwai wani sirri da na daɗe ban sani ba: iskar tana fitowa ne tana juyawa, saboda haka gefen dama na inda kake dosa ya fi fitowa a miƙe. Shi ya sa ake bin kewayen waje ta yadda hannun agogo ke tafiya, ramin ciki kuma a bi shi ta akasin haka. Hannunka kuwa kada ka bar shi a iska. Ka jingina shi da ɗayan, ka ja wutar zuwa gare ka, ka riƙe numfashi a kan lanƙwasa. Abin da za ka maimaita da yawa, kamar maratayin makulli, ka yanka masa ma'auni da falankin katako ka riƙa bin gefensa. Masu hali suna da tebur mai kwamfuta da ke jan wutar da kansa, kuma ko kai za ka iya zana abinka da manhajar Inkscape, wadda kyauta ce, ka kai musu su yanka. Amma teburin ma abin da zai miƙo maka ɗanyen aiki ne.

Ka juya abin da ka yanka ka dubi bayansa. Wannan dasƙararren abin da ya manne a gefe, wanda kakanninmu ke kira kashin maƙera, shi zai gaya maka yadda ka yi tafiya. Idan ya yi kauri yana da kumfa-kumfa, kuma da ka taɓa shi da kurfi ya ɓalle, ka yi jinkiri da yawa. Idan siriri ne mai tauri da ya ƙi fita sai da gurza, ka yi gaggawa ko ka ɗaga hannu da yawa. Tartsatsin da ke fita ta ƙasa ya ɗan karkata baya kaɗan, shi ne alamar tafiyarka ta yi daidai. Ka fara kankare kashin da kurfi ko tsohon magagari kafin ka kawo injin gurza, domin idan ka danna masa faifai tun farko kana iya narkar da shi ya ƙara kama jiki.

Zan ba ku labarin abin da ya sa na ɗauki gefen ƙarfe da muhimmanci. A shekarata ta farko wata baiwar Allah ta sa na yi mata allon suna na ɗakin 'yarta, da furanni a kewaye. Na goge fuskarsa har yana ɗaukar ido, na fesa masa fenti ruwan gwal, na karɓi kuɗina ina murna. Bayan kwana uku ta dawo da shi a cikin leda, tana riƙe da yarinyar, 'yar shekara kamar huɗu, an naɗe mata yatsa biyu da bandeji. Cikin wani ganyen fure, inda faifaina bai shiga ba, na bar kaifi kamar reza, yarinyar ta zura yatsa. Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye allon a kan teburina ta ce, "Malam, da 'yarka ce za ka rataya mata wannan?" Har yau idan na tuna yadda yarinyar ta ɓoye hannunta a bayan zanen uwarta da ta gan ni, sai in ji zuciyata ta karye. Tun daga ranar, duk abin da zai bar rumfata sai na bi kowane gefe da kowane rami da ɗan curin auduga. Inda audugar ta maƙale ta bar zare, akwai sauran aiki.

Gefen da filasma ta yanka yana da wani ɓawo mai tauri, domin iskar da ta yanka shi ta shiga jikinsa da zafi. Za ka ji magagari yana sulɓewa a kai da farko. Sai ka cire wannan ɓawon, musamman idan za ka yi walda a wurin, in ba haka ba waldar za ta fito da ƙananan ramuka. Ka fara da faifai mai lamba 60 ko 80, ka gama da 120, ka kwantar da shi sosai kada ya haƙa maka kwari a fuska. Lungunan da faifai ba ya shiga, ƙananan magagarai da sanfefa da aka naɗe a tsinke su ne abokan aikinka, kuma nan ne lokaci ke tafiya. Ka ɗan dakushe kowace kusurwa. Bayan kare hannun mutane, akwai wani dalili: fenti yana gudun kaifi, yakan janye ya bar bakin ƙarfe da ɗan siririn rufi, kuma daga nan tsatsa ke fara shiga.

Sai baƙar fatar da sabon falanki ke zuwa da ita daga masana'anta. Ka yi fenti a kanta, wata rana za ta ɓare ta tafi da fentinka. Ƙananan kaya hanya mafi sauƙi ita ce ka nutsa su cikin ruwan kal a robar wanki su kwana, da safe ka goge da burushi, fatar ta fita kamar dauɗa. Wasu suna amfani da asid mai ƙarfi don ya fi sauri. Ban hana ba, amma a fili ake yinsa, da safar roba da tabarau, a zuba asid cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba, kuma ka sani tururinsa kaɗai zai sa duk kayan aikin rumfarka su yi tsatsa cikin mako. Ko da wanne ka wanke, ka ɗauraye da ruwan da aka jiƙa kanwa a ciki domin ta kashe tsamin, ka busar nan take, domin tsiraran ƙarfe mai laima yakan fara ja kafin ka je ka dawo. Daga nan ka goge da tina, kada kuma ka sake taɓa shi da hannu tsirara. Maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya fito a ƙarƙashin fenti.

Akwai wata kwalliya da nake ƙauna fiye da kowane fenti, ita ce rina ƙarfe da wuta. Ka goge baƙin ƙarfe har ya yi fari tas, ka kawo harshen wutar gas ka riƙa shafa shi daga nesa a hankali. Wajen digiri 220 zai yi ruwan zuma, ya wuce zuwa ruwan ƙasa, wajen 280 ya koma shunayya, kusan 300 kuma ya yi shuɗi mai zurfi kamar turkuɗin da aka tsamo daga karofin Ƙofar Mata. Launin yana ci gaba da tafiya ko bayan ka janye wutar, don haka ka janye tun kafin ya iso inda kake so. Idan ka zarce ya koma toka-toka, sai ka sake gogewa ka faro daga farko. Maƙeranmu sun san waɗannan launukan tun da daɗewa, da su suke gane lokacin da wuƙa ko fartanya ta sha wutar da ta dace. Kai ado za ka yi da su. Launin ba shi da kauri ko kaɗan, sai ka rufe shi da fenti mai garai-garai, wanda zai ɗan rage masa haske amma ya tsare shi. Wannan na cikin ɗaki ne. Abin da zai zauna a waje, lambar gida ko adon ƙofa, yana buƙatar jan fentin ƙasa mai hana tsatsa, sa'annan launi shafi biyu ko uku marasa kauri, gaba da baya da cikin ramuka, kana fesawa daga nisan taƙi guda. Da hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasan rumfa ka rufe ƙofa kafin ka fesa, domin ƙura tana sauka a ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar sanfefa.

Jikinka kuma amana ne, kuma wannan na'urar ba ta da sabo. Haskenta yana ƙona ido kamar na walda, sai tsakar dare ka farka kana ji kamar an zuba maka yashi. Tabarau na gayu ba ya tsare komai, ka nemi gilashi mai duhun lamba 5 zuwa 8 gwargwadon wutarka. Yadin roba yana narkewa ya manne da fata, ka sa na auduga, da takalmi rufaffe. Jarkar man janareta ta yi nesa da inda tartsatsi ke sauka. Kwanon rufi da duk ƙarfen da aka shafe da tutiya suna fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da makyarkyata da dare, kuma madarar da ake cewa a sha bayan aiki ba ta wanke huhu; iska mai ratsawa da takunkumi na gaske su ne kariya. Hayaƙin ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi wannan sharri, domin cutarsa a hankali take taruwa. Ganga ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko an rantse maka an wanke, kada ka kusance shi da wuta. Kuma ka kashe na'urar daga soket kafin ka kwance bakinta, domin lantarkin da ke ciki ya fi na injin walda ƙarfi nesa ba kusa ba.

Idan ka zo yanke farashi, kada ka lissafa minti goman da wuta ta yi tana ci kawai. Ka sa falanki har da abin da ya zube, da man janareta, da hancin da ya ƙone, da faifai, da fenti, da yinin da ka yi kana bin lunguna. Za ka tarar da wanda ke gefenka yana sayarwa rabin kuɗinka, domin daga wuta sai fenti yake yi. Ka miƙa wa mai saye naka ka ce ya shafa bayansa da gefensa, sa'annan ya je ya shafa wancan.

Allon yarinyar nan na sake yinsa daga farko, ban karɓi ko kwabo ba. Na faɗaɗa ganyayen furannin yadda magagari zai shiga ko'ina, na yi yini guda a kan gefuna kaɗai, na huda masa ramukan ƙusa kafin fenti, na sa ƙananan zobba a baya domin ya ɗan tashi daga bango ya yi inuwa. Da na kai gidan, mahaifinta ne ya fito. Ya karɓa ya juya shi, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsansa, sa'annan ya leƙa cikin soro ya kira ta ta zo ta riƙe da kanta.